Man Riɗin da Na Ajiye a Bakin Ƙofa

Tun da na dawo daga Indiya ban huta ba. A Islamiyyar matan aure ta unguwarmu a nan Dutse, a gidan suna, har a wurin gaisuwar mutuwa, tambayar ɗaya ce: "Malama, yaya Indiya?" Maƙwabciyata Hajiya Ladi kuwa so take in rantse mata ko da gaske suna tsayawa a tsakiyar titi su yi waƙa suna zagaya bishiya. Na gaji da maimaitawa. Na kuma lura kullum labarin shanu da shinkafa nake bayarwa, ina tsallake ainihin abin da ya same ni. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya, da mai daɗin da marar daɗin. Shekara talatin da biyar ina riƙe da alli, biro ba zai gagare ni ba.

Jego ne ya kai ni. 'Yata ta fari ce ta haihu a can, inda mijinta Malam Sabi'u yake karatun digiri na uku. Wanda ya san ni ya san wannan magana da nauyi. Mu mutanen Miga, a zamaninmu, ba a wasa da kunyar ɗan fari. Ranar da aka yaye ta, Yaya Hansai, yayar maigidana, wadda Allah bai ba haihuwa ba, ta goya ta ta tafi da ita. Ban taɓa faɗin sunanta ba. Ban taɓa yi mata kitso ba, ban taɓa ɗora ta a cinya a gaban mutane ba. Yaya Hansai take kira Inna, ni kuma Malama, kamar sauran 'yan ajina. Ba ƙiyayya ba ce. Haka aka yi mini, haka na yi, har ina alfahari da cewa ban taɓa kuskure ba. Ƙannenta biyar duk a hannuna suka girma, ita kaɗai ce ban san ɗumin jikinta ba.

Yaya Hansai ta rasu bara waccan. Da cikin ya tsufa aka duba dangi, aka rasa wadda za a tura, sai maigidana ya ce, "Ke za ki je."

Na ce, "Ni, Malam? 'Yar farin?"

Ya ce, "To wa? Ni zan je in yi mata wankan?"

Na yi shiri irin na wadda ta san abin da take yi. Kanwa, yajin jego, kuka, daddawa, kantu. Na je Miga na auno riɗin gonar gidanmu, na wanke, na soya sama-sama, aka niƙo, na zauna na murza shi da ruwan zafi har hannuna ya yi tsami, na tace kwalba guda. Da shi Yaya Hansai take shafe duk jaririn da aka haifa a dangi. Na ce ko ban iya komai ba, in isa da abin da Innarta za ta kawo.

Neman biza sai da ya kai ni Abuja sau biyu. A cikin sharuɗɗan har da rigakafin shan-inna, ba na yaro ba, nawa. Na je asibiti, ma'aikaciyar ta ce in ɗaga kai in buɗe baki, ta ɗiga mini kamar 'yar wata tara. Da na duba fuskarta, ashe ɗalibata ce ta aji huɗu a Kiyawa. Ta ce, "Malama, yau dai na rama." Ina cikin wannan zirga-zirga haihuwa ta zo kafin lokaci, aka yi mata aiki aka ciro ɗa namiji. Har aka yi suna fasfona yana Abuja.

A filin jirgin Kano na yi kuskuren farko. Tsoron kada kwalbar ta fashe a cikin babbar jaka ya sa na saka ta a jakar hannu, na naɗe da ɗankwali. Da jakar ta bi ta na'ura, wata jami'a ta ciro ta.

"Hajiya, wannan ba ya shiga jirgi."

"Man riɗi ne, 'yar nan, ba fetur ba. In kina so in sha a gabanki."

"Ko zuma ce, Hajiya. Da kin sa a babbar jaka."

Babbar jaka ta riga ta wuce, masu rakiya sun kama hanyar Dutse. Na tsaya ina surutu har na ga layi ya taru a bayana. Na bar mata, na ce ta kai wa wata mai jego. Na shiga jirgi ɗankwalin yana ƙanshin riɗi, kwalbar babu.

A Adis Ababa muka sauka canjin jirgi. Hausawan da muka taso tare, 'yan kasuwa, duk suka bi wasu ƙofofin, mai zuwa Dubai, mai zuwa Sin. Na waiga layin Indiya ban ga mai mayafi irin nawa ba ko ɗaya. Daga nan kaɗaicin ya fara, kuma bai sake ni ba sai da na kusa dawowa.

A Delhi, jami'in shige da fice, mai gashin baki kamar an ɗora masa tsintsiya, ya tambaye ni wurin wa na zo. Da Turancina na malamar firamare na ce wurin 'yata. Ya ce yaya sunanta. Na miƙa masa takardar gayyata na nuna da yatsa. Ya ce ya gani, ni yake so in faɗa. Na sake nunawa. Ya dube ni ta saman tabarau, irin kallon da nake yi wa yaron da ya kwafi amsa. A ransa na san yana cewa wace uwa ce ba ta san sunan 'yarta ba. Gumi ya keto mini. Da ƙyar dabara ta zo: na karɓi bironsa na rubuta sunan a bayan tikiti ba tare da na kalli takardar ba. Ya karkaɗa kai gefe da gefe. Na ɗauka ya ƙi, sai na ji ya buga hatimi. Daga baya na gane haka suke cewa "to".

Wani jirgin ya kai ni Bhubaneswar, babban birnin jihar Odisha, can gabas wajen teku. Sunan garin sai da na yi mako ina tilawarsa. Malam Sabi'u ya tarye ni, ya durƙusa har ƙasa a tsakiyar mutane, Indiyawa suna kallonmu. Muka shiga a-daidaita-sahu, ashe can ne garinsu, kuma tuƙin gangancin ma daga can direbobinmu suka gado shi. Zafin garin ba irin namu ba ne, mai jiƙa ne, ka fito daga wanka kana neman wanka. A bangon titi na ga jan abu faca-faca, na ce, "Innalillahi, wa aka yanka?" Ya ce, "Umma, ba jini ba ne. Wani ganye suke taunawa kamar yadda muke cin goro, su tofar."

Gidan haya ne a saman bene, ɗaki biyu da falo, a wani lungu. Ta fito tana dafa bango, ta yi ƙoƙarin durƙusawa.

"Malama, sannu da zuwa. An sha hanya."

Na dubi labule na ce, "Barka da arziki. Ya jikin?"

"Da sauƙi."

Shi ke nan gaisuwar, bayan shekara biyu ba mu ga juna ba. Jaririn kuwa, da yake jika ba a kunyarsa, na karɓe shi na yi ta tsiya. "Wannan ne angon nawa? Ka sa na keta duniya, ko kujerar zama ba ka tanadar mini ba?" Duk abin da na kasa faɗa wa uwarsa, a kansa na sauke.

Washegari na tashi da niyyar ɗora ruwa. Malam Sabi'u ya zo yana sosa ƙeya. Likita ta hana wankan ruwan zafi saboda ɗinki. Ta hana kanwa saboda jininta ya hau. Yajin ma a bari tukuna. Na ce, "To me na zo yi?" Ya ce, "Ganinki ma, Umma, ai magani ne." Yaro mai ladabi, amma ni na san an sallame ni daga aiki tun kafin in fara.

Haka kwanaki suka riƙa ja. Shi ya fita jami'a da sassafe. Ita tana ɗaki da jariri. Ni ina falo, ina jan carbi, ina kallon fanka. In na dafa abinci na ajiye mata a bakin ƙofa, ta ce an gode, Malama. Mu biyu a gida ɗaya, Hausa ɗaya, amma maganarmu ta yini ba ta cika cokali ba. Ba a jin kiran salla a unguwar, sai waya ce ke gaya mini lokaci. In na leƙa titi yara su tsaya suna kallona, manya su ɗaga waya su ɗauke ni hoto ba sallama. Shanu suna kwance a tsakiyar hanya, ba makiyayi, ba mai cewa kul. Na ce da Fulanin Miga za su ga wannan da sun yi kuka.

Abinci kuwa shinkafa ce safe da rana da yamma. Akwai wadda suke jiƙawa a ruwa ta kwana ta yi tsami, su zuba nono su sha da rana. Da aka fara kawo mana na ɗauka ta lalace ce aka rasa inda za a zubar. Kafin in taho sai ga ni ina nemanta, don tana kashe zafi kamar farau-farau. Girkinsu da man wata ƙwaya suke yi mai hawa hanci. Wata rana da hantsi na ji an rangaɗa guɗa a lungun, irin tamu sak. Na zabura na leƙa ba ko mayafi, zuciyata tana cewa Hausawa ne. Matan unguwa ne suke raka amarya. Na koma na zauna, na yi hawaye ba tare da na san na mene ne ba.

Mutum ɗaya ce take shigowa gidan kullum. Wata tsohuwa ce 'yar firit daga gidan da ke kallon namu, kowa yana ce mata Mausi, wato kamar a ce inna ko gwaggo. Tun cikin yana wata biyar ta lura yarinyar ba ta da mace a kusa, ta ɗauke ta kamar tata. Da hantsi za ta hawo da kwalba da 'yar tasar tagulla. Ranar farko da ta buɗe kwalbar na ji gabana ya faɗi. Man riɗi ne. Wanda na baro a Kano, ga shi ya riga ni zuwa a hannun wata. Da yarensu "rasi tela" suke ce masa.

Sai ta ɗumama shi da tafarnuwa, ta zauna a ƙasa inda rana ke shigowa, ta miƙe ƙafa, ta kwantar da jaririn a kan ƙwaurinta. Ta shafe shi tun daga maɗiga har tafin ƙafa, ta harɗe masa hannuwa, ta naɗe ƙafafu, tana yi masa waƙa da bakin da ba haƙora. Ni da na raini biyar na san gwana in na gan ta. In ta gama da shi ta shige ɗaki wurin uwar, ta saki labule. Ina falo ina jin su suna dariya. Ba Hausa, ba Turanci, ban san da wane yare suke hira ba, amma dariyar da ban taɓa jin 'yata ta yi a gabana ba ita nake ji.

Ba zan ɓoye ba, kishi na ji. Mai zafi kuwa. Amma da yake ni Malama ce, sai na nemo masa suna mai kyau.

Ana gab da magariba, ina tsaye a taga, na hango Mausi a tsakar gidanta. Akwai wata shuka kamar ɗaɗɗoya da suka gina wa ɗan dandamali, suna girmama ta. Ta ɗauko ƙaramin kasko irin acibalbal ɗinmu ta da, ta tsiyaya mai, ta kunna lagwani, ta ajiye a gindin shukar ta haɗa hannuwa ta sunkuya. Kwalbar da ta tsiyaya, ita ce dai ta safe. Na ce yauwa. Man da ake kunna wa abin bauta shi ake shafa wa jikana?

Da safe ta hawo tana murmushi. Na tare ta a ƙofa. Na zare kwalbar daga hannunta na dangwarar a kan matakala, na ɗauki jaririn na rungume, na bugi ƙirjina da yatsa na ce da Hausa, "Ni ce a nan. Ya isa." Ta dube ni, ta dubi kwalbar, ta karkaɗa kan nan nasu, ta shafa hannuna, ta sauka.

Ba ta zo washegari ba. Ba ta zo jibi ba. Ƙofar gidanta a rufe, da magariba ba fitila a gindin shukar. Kwalbar tana nan inda na ajiye ta, kowa ya zo wucewa ya kauce mata. Jaririn ya riƙa ƙananan kuka, na shafa masa man kanti bai gamsu ba. Uwar kuwa bayanta ya riƙe, in za ta tashi sai ta ciji leɓe. Ba ta ce mini komai ba. Da ma ba mu saba cewa komai ba.

Rana ta uku na kai mata kunun gyaɗa, na tarar tana ƙoƙarin kai hannu bayanta tana kasawa. Na ajiye kofin na juya. Sai na ji ta ce, "Malama."

Na tsaya, ban waiga ba.

"Me ta yi miki?"

Na ce, "Da man take kunna fitilar bautarsu. Na gani da idona."

Ta ce, a hankali, ba faɗa, "Tun da Inna ta rasu, ba macen da ta taɓa jikina sai ita. Ranar da aka fito da ni daga ɗakin aiki ita ta riƙe hannuna. Na san kunya ce, ban ce kin yi laifi ba. Amma da kin bar mini ita."

Da mari ta yi mini da ya fi sauƙi. Na fita baranda na kira maigidana, na zayyana masa zancen fitila, ina jiran ya ce na kyauta. Ya ce, "Ke da kika karantar da 'ya'yan mutane? Rijiyar gari kowa na ɗiba. Don wani ya ɗebi ruwanta ya yi abin da ya ga dama, sai ki ƙi yin alwala da ita? Mai dai mai ne. Faɗi gaskiya, me ke damunki?" Na ce katin ya kusa ƙarewa, na kashe.

Da la'asar na ƙulle kantun da na zo da shi a leda, na sa mayafi na tsallaka lungun ni kaɗai, karo na farko. Surukar Mausi ce ta buɗe, matar ɗanta, malamar makaranta irina, muna iya fahimtar juna da Turanci. Na ga gidan wani iri. Mazan ba aski, matan gashi a bushe ba gyara. Mausi tana zaune a tabarma, kanta da kullum ke sheƙi ya yi furu-furu. Ashe ƙanin mijinta ne ya rasu a ƙauye ranar da na kore ta, da rana aka zo aka tafi da su, jiya suka dawo.

Na yi ta'aziyya yadda na iya. Surukar ta zaunar da ni ta yi mini bayani. A wurinsu mai alamar lafiya da farin ciki ne. Da shi ake karɓar jariri. Da shi, a haɗa da kurkum, ake shafe amarya da ango kafin ɗaurin aure, kamar yadda muke sa lalle. Da shi ake kunna fitila. Baƙin riɗi kuma shi suke zubawa a ruwa in suna tuna iyayensu da suka mutu. Saboda haka in an yi rasuwa a gida, sai an yi kwana goma ba mai shafa mai a ka ko a jiki, ba a sa shi a girki, ba a kunna fitilar. Na ce mu ma mai takaba ba ta ado ba ta turare. Ta karkaɗa kai.

Na miƙa kantun. Mausi ta buɗe, ta sunsuna, ta yi dariya ta ce wani abu. Surukar ta ce, "Tana tambaya wa ya koya muku. Mu ma muna yi, da mazarƙwaila." Ta sa aka adana sai an fita makoki.

Sannan na sauke girman kai na ce a ba ta haƙuri a kan abin da na yi, ta dawo ta ci gaba. Da aka fassara mata sai ta yi sororo. Suka yi 'yar magana, surukar ta juyo.

"Ta ce wane haƙuri? Ta ɗauka cewa kika yi ke za ki karɓi aikin, shi ya sa ta bar miki kwalbar. Ta ce da ma tana ta mamaki, uwa ta zo daga nesa ta zauna a falo. A nan uwa ce ke yi wa 'yarta, ita riƙon ƙwarya take yi. Tana tambaya, kina dai ɗumama man kafin ki shafa mata?"

Na rasa inda zan sa fuskata. Na ce ban fara ba. Na yi ƙoƙarin bayyana kunyar ɗan fari, Turancina ya ƙare a hanya. Ko da Hausa ma, a wannan zaman, ban san yadda zan faɗe ta ta yi ma'ana ba. Surukar ta ce Mausi ba za ta taɓa mai ba, ba kuma za ta shiga ɗakin jariri ba sai kwanakin sun cika, saura mako guda. Mausi ta kama hannuwana biyu ta juya su ta duba tafin, kamar mai sayen tabarya. Ta ce wani abu gajere.

"Ta ce waɗannan za su iya. Gobe da hantsi."

Ta zo kuwa. Ta zauna a kan matakala, daga wajen dokin ƙofa, ta nuna mini kwalbar da haɓa. Na sunkuya na ɗauka daga inda na dangwarar da ita. Na ɗumama da tafarnuwa, na ɗiga a bayan hannu, ta karkaɗa kai. Jaririn bai ba ni wuya ba, ni da angona mun saba. Da na gama na fara goge hannu, sai ta daka mini tsawa da yarensu, ta nuna ɗaki.

Muka shimfiɗa katifa a falo inda za ta iya hango mu. 'Yata ta fito, ta dube ni, ta dubi ƙasa. Ta kwanta a gefe ɗaya saboda ɗinkin, ta juya mini baya, ta sassauta zane. Na zuba man a tafin hannu. Na ɗora a kafaɗarta. Ta ɗan zabura, ni ma haka. Mausi daga bakin ƙofa tana nuna mini a iska: daga ƙugu zuwa sama, da tushen hannu, a danna, kada a yi shafar tsoro.

A ƙarƙashin kafaɗarta ta hagu yatsuna suka ci karo da wani tabo, faɗinsa ya kai tafin hannun yaro, fatar ta tattare.

Na ce, "Wannan fa?"

Ta ce, "Kaskon suyar riɗi na faɗa wa, ina shekara shida. Inna ta ce kada a gaya miki, lokacin kina da tsohon ciki. Da irin man nan ta yi ta shafa mini har ya warke."

Shekara ashirin da biyu tabon nan yana jikinta. Tsakanin inda nake koyarwa da Miga ba tafiyar kirki ba ce, duk hutu ina zuwa, ina zama a tsakar gidan, tana kawo mini ruwa tana durƙusawa, ina kallon gefe. Sai da na keta teku, wata tsohuwa da ba ta san sunan garinmu ba ta tilasta ni, sannan na san 'yata ta taɓa ƙonewa.

Na ƙara mai na shafa a kan tabon, ko da yake ya daɗe da daina ciwo. Sai na ji bakina ya kira sunanta. Ban shirya ba. Ya fito a shaƙe, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Na ce, "Sannu."

Kafaɗunta kawai na ji suna rawa a ƙarƙashin hannuna. Ban daina shafawa ba, ita ma ba ta juyo ba. Mausi ta tashi ta sauka abinta ba sallama.

Kwana goma sha tara suka rage mini, kuma ban tsallake hantsi ɗaya ba. Ba zan ce mun koma masu hira kamar ƙawaye ba, abin shekara ashirin da takwas ba ya narkewa a mako uku. Amma in tana kwance ta ba ni baya, magana tana zuwa. A haka na ji labarin makarantar kwana, da yadda ta haɗu da mijinta, da jinyar Inna. Ranar da su Mausi suka fita makoki ta zo kanta yana sheƙi, ta kama ni da ƙarfi ta zaunar, ta juye mini mai a ka har yana bin wuya. Na zauna shiru kamar amarya. Da zan taho ta ba ni kwalba cike, wannan karon a babbar jaka na sa.

A filin jirgi 'yata ta durƙusa ta ce, "Malama, Allah ya kiyaye hanya." Malama dai har yanzu. Ban ji haushi ba, ni na koya mata. Amma da ta miƙe ta riƙe gefen mayafina, ba ta saki ba sai da aka kira layi.

Yanzu ina Dutse. Su 'yata saura musu shekara biyu a can. Ƙannenta duk sun watse, gidan daga ni sai Malam da rediyonsa. Kwalbar tana kan taga, ban buɗe ba, don ba wanda zan shafa wa. Da hantsi hannuwana sukan rasa abin yi.

Rannan Hajiya Ladi ta shigo ta tarar ina waya, ta ji da kunnenta yadda na buɗe gaisuwar. Ta riƙe haɓa. "Malama! 'Yar farin kike kira gatsal haka? Indiya ta cinye miki kunya?" Na ce ta zauna in ba ta labarin shanu.

To, ga masu tambaya me na gani a Indiya: ban ga masu waƙa suna zagaya bishiya ba. Bayan 'yata na gani. Kun kuma lura har na kawo nan ban rubuta sunanta ba, tsohuwar ɗabi'a ba ta mutuwa da wuri. Sunanta Rabi'atu. Ni na haife ta.